Mustafa Alasan, bakaniken da ya sa kwaɗi kokowa

Ranar 17 ga watan Maris na shekarar 2015 Allah ya yi wa Mustafa Alasan rasuwa a Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, bayan ya haura shekara 70 a duniya, ya kuma shafe fiye da 50 daga cikinsu yana aikin silima. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyauta namu ƙarshe.

A wajen masana silima na duniya, sunan Moustapha Alassane, kamar yadda ake rubuta shi da Faransanci, yana cikin sunayen farko da ake ambata idan ana maganar waɗanda suka kafa harsashin silimar Afirka. Amma da za a tsaya a bakin babbar kasuwar Maraɗi a tambayi masu shiga da fita, da wuya a sami wanda ya taɓa ganin fim ɗinsa ko da guda. Matasa za su lissafa Ali Nuhu da marigayi Ibro, dattawa su tuna da Amitabh Bachchan da Bruce Lee. Abin mamaki kuwa shi ne, mutanen da Mustafa ya yi ta zanawa a finafinansa su ne dai ake gani kullum a titunan Maraɗi: ma'aikacin biro da albashinsa bai kai burinsa ba, da saurayin da ya dawo daga yawon duniya da akwati cike da kayan waje, da manomin da ya zuba wa sama ido, da ɗan kokowa mai ɗamara da layu.

An haife shi a shekarar 1942, kuma kanikanci ya koya. Tun yana yaro hannunsa ya iya zane, har yakan zana hotuna a kan takarda mai shara-shara, ya haska su da fitila a jikin bango, yara su taru suna kallo. Zanen ne ya kai shi cibiyar binciken IFAN ta Yamai, wadda daga baya ta zama IRSH, inda ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, sa'an nan ya koma ɗaukar fim. A wurinsa Mustafa ya koyi riƙon kyamara. Amma kanikancin bai bar jikinsa ba har ya mutu. A idonsa kyamara inji ce kamar kowane inji, ana kwance ta, a duba cikinta, a gyara, in wani ƙarfe ya ɓace a ƙera madadinsa. Duk wanda ya taɓa zama a garejin bakin tasha ya ga yadda ake tayar da tsohuwar mota da waya da guntun roba, to, ya fahimci rabin sirrin mutumen.

A 1962, shekara biyu kacal bayan samun mulkin kai, ya fitar da finafinai biyu. Na farko shi ne Aouré, wato aure, labarin neman aure da biki a wani ƙauyen Zabarmawa na bakin kogin Kwara. Wannan fim ya riga Borom Sarret na Usman Sembene ɗan Sanigal fitowa da shekara guda, abin da sau da yawa ake mantawa da shi idan ana ba da tarihin silimar Afirka ta Yamma. Na biyu, La Bague du roi Koda, labarin wani azzalumin sarki ne da ya ba masunci ajiyar zobe, ya ce in ya ɓace a bakin ransa, sa'an nan ya bi ta bayan gida ya karɓe zoben ya jefa a kogi, daga ƙarshe masuncin ya tsince shi a cikin kifi. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan, domin irin wannan labari ne kakanni ke bayarwa game da mutumen nan Ba Sarki Sai Allah.

Daga nan ya tafi Kanada, inda ya zauna a hukumar finafinai ta ƙasar a Montreal, ya ga aikin Norman McLaren, gwanin fim na zane mai motsi. Wannan sana'a tana bukatar haƙurin da ya wuce misali. Majigi yana wuce hoto 24 ne a kowane sakan, wato 1440 a minti guda. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu don rage aiki, kamar yadda masu sana'ar suka saba, minti ɗaya sai ya ci zane 720. A ƙasashen Turai ɗaki guda ake cikawa da ma'aikata saboda wannan. Mustafa kuwa yawanci shi ne mai zane, shi ne mai ɗauka, shi ne mai haɗawa. La Mort de Gandji na 1965, labarin fadar wani sarkin kwaɗi da fadawansa, ya samu lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966.

A wannan shekara ta 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, wanda bai wuce minti biyar ba. Sim shugaban jamhuriyar kwaɗi ne, ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa. Ga jirgin sama, ga fareti, ga masu busa da kiɗa, ga jawabai, kowa da kumburarren ciki da faffaɗan baki. Mai karatu ya tuna wace shekara ce: ranar 3 ga Janairu soja suka karɓi mulki a Wagadugu, ranar 15 ga wata aka kashe Sardauna a Kaduna da Tafawa Ɓalewa a Ikko, ranar 24 ga Fabrairu aka hamɓarar da Nkrumah yana kan hanyar tafiya ƙasar waje. A Nijar jam'iyya ɗaya ke mulki, an murƙushe Sawaba, baki ya mutu. A irin wannan lokaci, wanda ya zana shugaban ƙasa da siffar kwaɗo ya san abin da yake yi. Dabarar kuwa tsohuwa ce, ita ce ta masu tatsuniya da ke ɗora wa kura da gizo abin da ba a iya faɗa wa sarki a gaban idonsa.

Akwatin Jimi

Fim ɗinsa da ya fi yawo a duniya shi ne Le Retour d'un aventurier, shi ma na 1966. Wani saurayi mai suna Jimi ya dawo daga Amurka da tsarabar abokansa: malafuna, da takalma masu tsini, da ɗamarar harsashi, da ƙananan bindigogi. Nan take suka tuɓe rigunansu suka zama kaboyi, kowa ya ɗauki sunan Bature, wannan Black Cooper, wancan James Kelly, yarinyar da ke cikinsu kuma ta zama Reine Christine. Suka sami dawaki, suka shiga sata da duka da shan giya, suka hana ƙauye sakat, dattawa suka rasa ta inda za su ɓullo wa ƴaƴan da suka haifa. Wasa ya zama faɗa, faɗan kuma ya koma tsakaninsu.

Turawa sun ɗauki fim ɗin abin dariya, kaboyi baƙaƙe suna sukuwa raƙuman dawa na wucewa a bayansu. Dariyar tana nan, ba shakka. Amma ɗan kasuwar Maraɗi, wanda rayuwarsa duka a kan shigo da kaya take, ya fi kowa cancantar ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Haja ba ta zuwa ita kaɗai. Wanda ya sayi malafa ya sayi tafiyar mai malafa da maganarsa da halinsa. Samarin zamanin sun koyi kaboyi ne a gidajen silima, kamar yadda na bayansu suka koyi rawar Indiya da faɗan Sin, na yanzu kuma suke koyon abin da ke cikin salula. Mustafa bai yi wa'azi ba, bai ce a rufe silima ba, shi da kansa masoyin finafinan kaboyi ne. Ya dai buɗe akwatin a gaban jama'a, ya bar kowa ya ga abin da ya fito. Zalika Sule, wadda ta fito a matsayin Reine Christine, ta sha zagi a Yamai saboda irin matan da take kwaikwayo, domin mutane da yawa ba su raba wasa da gaskiya ba. Rahmatu Keita ta ba da tarihinta a fim mai suna Al'lèèssi, inda aka ga tauraruwar tana zaman ƙunci a babban birni. Ta rasu a 2021.

Mace, gida, mota, kuɗi

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, nasu fim ɗin ya zo a 1972. Sunansa haruffa huɗu ne, F.V.V.A., farkon kalmomin Faransanci na mace, da gidan zamani, da mota, da kuɗi. Shi ne dogon fim ɗinsa na farko, kuma an yi shi da haɗin gwiwar ƴan wasan Nijar da na Burkina, wadda a lokacin ake kira Haute-Volta, cikinsu har da Jingarai Maiga da Zalika Sule da Sotigi Kuyate.

Ali ƙaramin ma'aikaci ne, yana zaman lafiya da abin da yake samu. Iyaye suka yi masa auren da bai nema ba. Daga nan buri ya buɗe: ƙarin mace, gida irin na manya, mota, da hidimar da ba ta ƙarewa. Albashi bai isa ba, sai hannu ya shiga asusun gwamnati. Aka kama shi, aka kai shi gidan kaso, masu cin arzikinsa suka watse kamar ba su taɓa saninsa ba. Wadda ta tsaya tana jiran fitowarsa ita ce uwargidan da ya raina.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya, kuma wani zai ce an sha jin irinsa. Darajarsa tana wajen lokacin da aka yi shi da kuma inda ya ɗora laifi. A 1972 kuɗin yuraniyom ba su fara malala ba tukuna, manyan gine-ginen Yamai ba su tashi ba, amma Mustafa ya riga ya hango ciwon. Kuma bai nuna Ali a matsayin ɓarawon asali ba. Ya nuna shi mutum ne mai rauni da jama'a suka kewaye, kowa da ƙoƙonsa: dangi, da surukai, da abokai, da maroƙa, duk suna auna darajarsa da abin da ya fito daga aljihunsa, ba wanda ya tambaye shi inda ya samo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan da yawa ne suka taya shi ja. Ma'aikacin da aka turo Maraɗi ya san wannan matsi fiye da na ko'ina, domin yana zaune ne a tsakiyar alhazan da ke juya miliyoyi, ana gayyatarsa biki ɗaya da su, ana kuma sa ran ya yi bajinta irin tasu da albashin wata. Shekara biyu bayan fim ɗin, ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, cikin dalilan da soja suka bayar har da cin amanar taimakon abinci na lokacin fari. A 1991 taron ƙasa ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da almundahana. A shekarun da suka biyo baya ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Duk wannan tarihi ya bi ta kan Ali bai tsufar da shi ba.

Shekarar 1972 ita ce ƙololuwar silimar Nijar. A bikin FESPACO na Wagadugu, karo na farko da aka ba da babbar lambar Yennenga, Umaru Ganda ne ya ɗauke ta da Le Wazzou polygame, labarin alhajin da ya dawo daga Makka ya ƙwace budurwar wani ya yi ta uku. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, aka sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai.

Ruwa da mai ruwa

Toula, wanda Mustafa ya yi tare da Bajamushiya Anna Soehring a tsakiyar farin 1973, ya samo asali daga wani labarin yammacin ƙasa da Bubu Hama ya rubuta. Ruwa ya ƙafe, dabbobi na mutuwa, boka ya ce macijin da ke riƙe da ruwa ba zai saki ba sai an ba shi budurwa, budurwar kuwa ta gidan sarki ce. Saurayinta ya bazama neman ruwa ko ya cece ta, bai dawo da wuri ba.

Ko da yake daga ƙasar Songai labarin ya fito, mutumen kwarin Gulbin Maraɗi ya san ɗanɗanonsa. Ya san macijin rijiyar Kusugu ta Daura. A Tibiri, inda Gobirawa suka kafa sabon birni bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Inna ce ke riƙe da al'amarin bori a fada, kuma cikin iskokin da ake kira akwai Sarkin Rafi. A Jiratawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, dangogin anna sun daɗe da nasu tsafe-tsafen noma da na buɗin daji, waɗanda Bafaranshe Guy Nicolas ya yi shekaru yana nazari. Tambayar da fim ɗin ya ajiye, wato wa ake sadaukarwa idan gari ya shiga uku, kuma wa ke yanke hukuncin, ba ta tsafi ba ce kawai. Farin nan ne ya karya noman gyaɗa, wanda a kansa arzikin Maraɗi ya ginu, ya kori talakawa daga gonakinsu, ya tura manyan ƴan kasuwa zuwa fataucin kayan da ke ratsawa Najeriya. Bayan shekara goma, a farkon shekarun 1980, aka shimfiɗa gandun noman rani na Jiratawa, hekta 500 da ƴan kai, inda famfo ke jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa. Dattijon da ya ga zamanin biyu da idonsa, shi ya kamata a zaunar a sahun gaba ranar da za a nuna Toula.

Da harshen Hausa ma Mustafa ya yi aiki. A 1969 ya ɗauki Albarka Cibau, mashahurin mai tatsuniya na Tawa wanda aka daɗe ana sauraro a gidan rediyon ƙasa, yana ba da labarin Dela, ƴan wasa kuma suna kwaikwayon abin da bakinsa ke faɗa. Tawa ɗin ce ta zama mazauninsa bayan ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai har shekara 15. Can ya buɗe otal, ya mai da wani sashe nasa ɗakin aiki, yana ɗinka ƴan tsana da ƙyalle da waya, yana motsa su kaɗan-kaɗan a gaban kyamara. Da irin wannan dabara ya riga ya yi Samba le grand a 1977. Da kwamfuta ta zo kuma bai ce ya tsufa ba, ya zauna ya koye ta.

Daga cikin ayyukan ƴan tsanan, Kokoa ne ya fi kusa da zuciyar Bamaraɗe. Sunan dai kokowa ne, ba wani abu ba. Fili ya cika da ƴan kallo, makaɗa na kiɗa, kwaɗi da hawainiya da tsuntsu suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ana kirari, ana kamawa, ana kayarwa. Wanda ya yi wannan fim ya zauna a filin kokowa ya lura da kome, daga taƙamar shiga fili har zuwa borin wanda ya sha ƙasa. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya zama sarki, shi ya sa filin kokowar birnin ke ɗauke da sunansa.

To, me ya hana waɗannan finafinai isowa ga masu su? Dalili na farko na kasuwa ne. Har cikin shekarun 1970 kamfanonin Faransa biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai a ƙasashen da Faransa ta raina. Sukan sayo tsofaffin finafinan Amurka da Indiya da araha, su zagaya da su gari-gari, fim ɗin gida kuwa ba shi da gurbi a jadawalinsu. Ga shi kuma yawancin aikin Mustafa a kan zare mai faɗin milimita 16 aka ɗauke shi, alhali injinan gidajen silima na kasuwa na 35 ne. Ya yi ƙoƙarin tsallake wannan shinge da kansa, ya ɗora majigi a mota yana bin garuruwa, amma mutum ɗaya da mota ɗaya ba su game ƙasa mai faɗin Nijar.

Dalili na biyu ya fi kusa da gida. Da bidiyo ya zo, gidajen silima suka mutu ɗaya bayan ɗaya, Kano ta cike gurbin. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa Sangaya na 1999, sana'ar fim ɗin Hausa ta tsaya da ƙafafunta ba tare da tallafin wata gwamnati ko wata ƙasar waje ba, saboda ƴan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai sun ga riba a ciki sun zuba kuɗinsu. Kaset ɗin suka biyo hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa suka cika Maraɗi. Alhazan birnin, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, sun sa dukiyarsu a manyan motoci, da gidaje, da atamfa, da taba, da gina masallatai. Fim bai shiga lissafinsu ba, wasu don suna ganin ba sana'ar mutunci ba ce, wasu don ba wanda ya taɓa nuna musu inda ribar take. Masu fim na Nijar su ma suna da nasu kason laifi, domin idonsu ya fi karkata ga Paris da Wagadugu, inda ake ba da tallafi da lambobi, bisa ga kasuwar Hausa da ke ƙofar gidansu, mai mutane miliyoyi a ɓangarori biyu na iyaka.

Girmamawa dai ya same ta, amma yawancinta daga waje. A 2007 Faransa ta ba shi lambar Légion d'honneur a bikin finafinai na Cannes. A 2009 Maria Silvia Bazzoli da Christian Lelong suka fitar da fim a kan rayuwarsa. A 2017, shekara biyu bayan rasuwarsa, gidan adana fasahar zamani na New York, wanda ake kira MoMA, ya keɓe kwanaki yana nuna ayyukansa. Kofen finafinansa da dama suna ajiye a taskar finafinan Afirka ta Institut français a Paris, a gida kuma akwai cibiyar silima ta ƙasa da aka kafa a 2008, wadda irin wannan aiki ya rataya a wuyanta.

Abin da ake bukata a Maraɗi bai taka kara ya karya ba: izinin iyalinsa da na masu riƙe da kofe, da na'urar haskawa, da janareta, da farin bango. Akwai gidan matasa da al'adu, akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, akwai ƙofar fadar Tibiri, akwai filin Kantu. Kuɗin daren guda bai kai abin da babban ɗan kasuwa ke kashewa a walimar dawowa daga hajji ba. Bon voyage Sim minti biyar ne, Kokoa bai cika rubu'in awa ba, Le Retour d'un aventurier kuma ya ɗan haura rabin awa, duka ukun ana gama su tsakanin sallar isha'i da lokacin da masu shayi ke kwashe tebur.